Cuta Ta Ƙetare Komadugu, Takarda Tana Gaɓa

 

 Kwamitin biki ya ce in yi magana kan haɗin kan ƙasashe wajen sarrafa bayanan lafiya. Na san akwai wanda ya ga wannan take a takardar gayyata ya ce a ransa, to wannan ai maganar mutanen Yamai ce, masu kwamfuta da ofis mai sanyi. Ku ba ni ɗan lokaci, za ku ga a bakin kogin nan namu maganar take.

Mu fara da abin da ake nufi da bayanan lafiya. Idan kun kai ƙaninku likita, majo yakan buɗe babbar rajista ya rubuta sunansa, shekarunsa, ƙauyensu, abin da ke damunsa da maganin da aka ba shi. Ƙarshen mako sai a ƙirga cututtukan da doka ta ce dole a sanar da su, irin su ƙyanda, sanƙarau, kwalara da shan inna, a aika wa gundumar lafiya ta Bosso. Daga nan lissafin ya tafi Diffa, daga Diffa ya tafi ma'aikatar lafiya a Yamai. Da wannan lissafi ake yanke yawan allurar rigakafin da za a turo mana, da yawan ruwan da ake ƙara wa mai amai da zawo, da inda motar likita za ta fara zuwa. Ƙauyen da ba ya cikin rajista, ranar rabon magani ma ba ya cikinta.

Yanzu ku dubi Komadugu. Da rani, idan ruwa ya janye, akwai wuraren da yaro zai ƙetare da ƙafa bai jiƙa wandonsa ba. Malam Fatori ga ta can muna hangen ta. Aure ɗaya muke da mutanen can, kasuwa ɗaya, tattasai da banda hanyarsu ɗaya. Amma rajistar Bosso Faransanci take ji, kuma fuskarta yamma take kallo, tafiyar sama da kilomita 1,300 zuwa Yamai. Rajistar Malam Fatori Turanci take ji, tana bin ƙaramar hukumar Abadam zuwa Maiduguri, daga can Abuja. Ta mutanen tsibiran Cadi kuma Bol take nufa sannan Njamena. Likitoci biyu da za su iya jin kiran sallar juna, kowa ya juya wa ɗan uwansa baya yana ba babban birninsa labari. Idan ƙyanda ta ɓulla a can, labarin zai iya zagaya ta Abuja da Yamai kafin ya iso nan a takarda, alhali yaron da ke ɗauke da ita tun jiya ya kwana a gidan kakarsa a unguwarmu.

Shan inna ita ta fi kowace cuta nuna mana wannan. A watan Yulin 2016 Najeriya ta cika shekara biyu ba a ga ƙwayar shan inna ta asali ba, ana ta shirin murna. Watan Agusta sai ga yara sun shanye a Jere da Gwoza, daga baya kuma a Monguno, duk a jihar Borno. Da masana suka binciki ƙwayar, sai suka gano jikanyar wadda aka gani a Borno ce tun 2011. Wato shekara biyar tana yawo daga cikin wannan yaro zuwa na wancan, takardu kuma suna cewa babu. Me ya sa? Saboda wuraren da take yawo babu likita, babu mai rubutu, rikici ya kori kowa. A rajista, “ba a samu ko ɗaya ba” da “ba wanda ya je ya duba” duk sifili ake rubutawa, kuma sifilin nan biyu kamarsu ɗaya.

A cikin watan nan na Agusta ministocin lafiya na Nijar, Najeriya, Cadi, Kamaru da Afirka ta Tsakiya suka ayyana lamarin a matsayin na gaggawa ga yankin baki ɗaya, aka kafa tawagar haɗin gwiwa a Njamena. Aka daidaita ranakun rigakafi don kada iyali su kuɓuce wa ma'aikatan wannan gaɓa yau, gobe su kuɓuce wa na wancan. Aka ajiye masu ɗiga magani a mashigai, kasuwanni da bakin tafki. Aka zauna da hotunan tauraron ɗan Adam ana ƙirga tsibirai da matsugunan da ba su cikin taswirar kowa. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Wasunku da ke zaune a nan sun riƙe kula suna bin gida-gida a wancan lokacin, Allah ya saka musu.

A cikin aikin nan akwai wata dabara da nake so ku sani, domin irinku aka ba ta. Sunanta AVADAR. An fara ta a Najeriya a 2016, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa ƙasashen Tafkin Cadi. Ana ba wanzami, ungozoma, mai maganin gargajiya ko wani matashin unguwa salula mai ɗauke da ɗan gajeren bidiyo cikin harshen mutanen wurin, yana nuna yadda yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya yake. Kowane mako salular ta tambaye shi: ka ga irin wannan yaro ko ba ka gani ba? Ya danna amsa, saƙo ya tafi. Idan ya ce ya gani, ma'aikacin lafiya ya zo ya duba. Idan ya ce bai gani ba, wannan ma labari ne, domin yanzu an san akwai idon da ya duba. Ga maganin sifilin nan biyu.

Idan an samu yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da irin wannan shanyewa, ƙa'ida ita ce a ɗauki bayan gidansa sau biyu, tsakaninsu aƙalla kwana guda, cikin kwana 14 da fara ciwon, a riƙe shi da sanyi har ɗakin gwaji. An daɗe samfurin Nijar yana bin Yamai zuwa cibiyar Pasteur ta Dakar, alhali akwai ɗakin gwajin shan inna a asibitin koyarwa na Maiduguri, wanda ya fi Damagaram ma kusa da mu. Ban faɗi wannan don zargin kowa ba, kowace ƙasa da ɗakin gwajin da aka haɗa ta da shi. Na faɗa ne don ku ga yadda iyaka take tsawaita hanya.

Sai 2017, shekarar shawara. Manyanku ba su manta ba. Bayan harin ranar 3 ga Yuni 2016, mutanen Bosso kusan dubu 50 suka watse zuwa Tumur, Kijandi, Garin Wanzam da gefen babbar hanyar kwalta, inda ruwa ya yi kaɗan, makewayi kuma babu. A farkon 2017 mata masu juna biyu suka fara zuwa asibitin uwa da yaro na Diffa idanunsu sun yi ɗorawa, wasu su suma, wasu su rasu. Sai a watan Afrilu aka tabbatar cewa ciwon hanta ne nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, kuma yawancin waɗanda suka rasu a farkon annobar mata masu ciki ne. To ku sani, tun a 2016 wannan ciwo yana Am Timan ta ƙasar Cadi, kuma a shekarar 2017 ɗin ya bayyana a Ngala ta jihar Borno. Ba na ce daga can ya zo mana ba. Abin da nake cewa, ungozomar da aka gaya wa cewa maƙwabta suna fama da irin wannan shawara, ranar da ta ga mace ta biyu da idon ɗorawa ba za ta tsaya kan zazzaɓin sauro ba. Makonnin da ake ɓatawa kafin a gane sunan cuta, su ne makonnin da ba a zuba sinadarin kashe ƙwayoyi a rijiya ba.

Akwai wata matsala da ba ta da hayaniya amma tana ɓata kowane lissafi, ita ce yawan jama'a. Idan aka ce an yi wa kashi 80 cikin ɗari na yara allura, kashi 80 na nawa? Ƙidayar da Nijar ta daɗe tana aiki da ita ta 2012 ce, ta Najeriya ta 2006, ta Cadi ta 2009, ta Kamaru ta 2005. Duk kafin 2015 ke nan, shekarar da aka fara kai hari Bosso da Diffa a watan Fabrairu, aka kwashe mutanen tsibirai a watan Mayu. Tun daga nan garin da takarda ta ce mutum dubu biyar ne yana iya ɗauke da ninkinsu uku, wani kuma kango ne. Shi ya sa za ku ga likita ɗaya ta ba da rahoton ta wuce kashi 100, wata kuma ko rabi ba ta kai ba. Ta farko ana yaba mata, ƙila kuma akwai yara ɗaruruwa da ba ta taɓa ba. Ta biyu ana yi mata faɗa a kan yaran da suke Sayam ko Ngigmi. Idan gundumomin gaɓa biyu ba sa gaya wa juna “mutanen ƙauye kaza suna wurinmu yanzu”, kowa lissafin iska yake yi.

Bari in zo kan harshe, domin a nan ne ƴan uwanmu Larabawa suka riga mu, kuma akwai abin koyi a wurinsu. Su ma rarrabe suke. Jami'ar Dimashƙa ta daɗe tana koyar da likitanci da Larabci, Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Faransanci, Masar da Iraƙi da ƙasashen Gulf da Turanci. Sai ya zama likitan Rabat da na Bagadaza duk Larabawa ne, amma cuta ɗaya kowa da sunan da yake kiranta. Ƙungiyar likitocin Larabawa ta kafa kwamiti, aka yi shekaru ana tankaɗe da rairaya, a 1973 aka buga ƙamus ɗin likitanci na bai ɗaya a Bagadaza. Daga baya ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da yankinsu, wanda yanzu yake Alƙahira, ya rungumi aikin, marigayi Dokta Muhammad Haisam al-Khayyat ɗan Siriya ya yi masa hidima shekaru masu yawa, aka haɗa Larabci da Turanci da Faransanci, aka sa shi a kwamfuta. Tun kafin intanet suka gane cewa rumbun bayanai ba ya haɗa mutanen da ba su daidaita kalma ba.

Mu kuwa namu ya fi nasu yawa. A layin likita guda za ka ji Barbarci, Hausa, Fulatanci, Larabcin Shuwa, Tubanci da yaren Buduma. Uwa ta ce ɗanta yana da “shawara”, wannan kalma a bakinmu tana ɗaukar ciwo fiye da ɗaya. Duniya ta rage wannan wahala da lambobi: a kundin rarraba cututtuka bugu na goma, kwalara A00 ce, shan inna A80, ƙyanda B05, ko a Diffa ko a Khartum. Amma lamba ba ta jin Barbarci. Sai an sami mutum tsakanin uwar da rajistar, wanda ya san abin da take nufi, ya kuma san akwatin da za a sa shi.

Sunayen mutane ma haka. Yarinya ɗaya a gida Falmata, a karnen Nijar Fatouma, a katin Najeriya Fatima, idan ta bi ta Cadi ta koma Fatimé. Modu a can Muhammad, a nan Mahamadou. Ranar haihuwa kuma “lokacin girbin tattasai”. Kwamfuta za ta ƙirga yarinyar nan mutum uku, ko ta haɗa ta da wata ta mai da su ɗaya. Ƙarshenta a sake mata allurar da ta riga ta karɓa, ko a tsallake wadda ba ta samu ba. Har yau abin da ya fi saurin ƙetare Komadugu da tarihin yaro shi ne ɗan karnen da uwarsa ta ƙulle a leda.

Za ku ce, to ina amfanin kwamfutar? Akwai shi, babba ma. Manhajar da ma'aikatun lafiya na Nijar da Najeriya da ƙasashen Afirka da dama suke zuba rahoto a ciki sunanta DHIS2. Asalinta daga Afirka ta Kudu ne bayan faɗuwar mulkin wariya, jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ci gabanta, kuma kyauta ce, kowace ƙasa tana gyara ta daidai da bukatarta. Rahoton da a da sai ya jira mota, yanzu idan akwai rezo cikin minti kaɗan yana gaban mai duba shi a Yamai. Ku tuna lokacin da dokar ta-ɓaci ta hana hawa babur a jihar nan tun 2015, yadda kai takarda daga ƙauye zuwa gunduma ya zama aiki. Sai dai manhaja ɗaya ba ta nufin rumbu ɗaya. Kowace ƙasa da nata, da makullinta, kuma haka ya kamata. Abin da ake bukata shi ne yarjejeniya: wane labari za a ba maƙwabci, cikin kwana nawa, wa zai kira wa.

Ga inda siyasa take shigowa, ba zan daɗe a kai ba. Hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma reshen CEDEAO ce, Nijar kuma ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Cadi da Kamaru dama can ba sa ciki, suna ɓangaren Afirka ta Tsakiya. Sudan da Libiya kuma, a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, Alƙahira suke kai rahoto, mu Brazzaville. Inuwar da ta haɗa ƙasashe huɗu na bakin tafki ita ce Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964, sai kuma dokokin lafiya na duniya na 2005, waɗanda suka wajabta wa kowace ƙasa sanar da annobar da za ta iya ƙetare iyaka cikin awa 24 bayan ta tantance ta. A ganina, ko manya sun shirya ko sun ɓata, taron majo da majo na gundumomin iyaka bai kamata ya tsaya ba, domin shi ya fi kowane taro arha kuma shi ya fi saurin amfani.

Kada ku ɗauka abin iyakarsa bakin tafki. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya saboda jita-jita. Cikin shekara biyu ƙwayar ta bi ta Cadi ta shiga Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya, aka gan ta a Saudiyya, ta shanye ɗaruruwan yara a Yaman da Indunusiya a 2005. Yadda aka san hanyar da ta bi kuwa, ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban ne suka kwatanta sakamakonsu. Tsohuwar hanyar alhazai ce, wadda kakanninmu suka bi da ƙafa. Katin rigakafin da ake tambayar maniyyaci kafin ya hau jirgi, na sanƙarau da na shan inna, reshe ne na wannan musayar bayanai tsakaninmu da ƙasashen Larabawa.

Na san akwai masu ɓoye mara lafiya, suna ganin sanar da hukuma tonon asiri ne ko raunin tawakkali. Malamai suna nan, sun fi ni sanin labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham. A Sarg shugabannin runduna suka tarye shi suka gaya masa gaskiya, cewa annoba ta sauka a ƙasar. Ya yi shawara, Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da ilimin da yake da shi a kan hukuncin, aka juya. Labarin ya riga ayarin isa, kuma waɗanda suka kawo shi ba su rage komai ba.

Amma masu tsoron nan suna da hujja guda, kada mu raina ta. A yankin da aka sha wuya irin namu, mutum yana da dalilin tambayar ina sunansa zai je idan an rubuta. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita. Doka tana Yamai, salula kuma tana aljihunku. Wanda aka ɗauka aikin rigakafi ko ƙidaya ya ɗauki hoton rajista ya tura a WhatsApp, ko ya zauna a majalisar shayi yana cewa matar wane tana da ciwo kaza, ya ci amana, kuma ya rufe wa abokan aikinsa ƙofar gidaje goma. Abin da ke ƙetare iyaka adadi ne da sunan ƙauye. Sunan mutum sai da larura, daga ma'aikacin lafiya zuwa ma'aikacin lafiya.

Ɗaya cin amanar ita ce cika takarda a gindin bishiya. An ba ka gida 60, rana ta yi zafi, ka yi 35, sauran ka cika da biro. Babu wanda zai kama ka ranar. Lambar za ta hau Diffa, ta hau Yamai, ta shiga taswira ta yi kore, a ce wannan yanki an gama da shi, a juya motar zuwa wani wuri. Mun ga abin da shekara biyar na sifilin ƙarya suka haifar a Borno. Idan ba ka kai ba, rubuta ba ka kai ba, ka faɗi dalili: ruwa ya tare hanya, mutanen sun tashi, maigida ya hana. Ana iya aiki da wannan.

Ƙannena, yawancinku kuna jin harshe uku ko huɗu, kuna karanta boko da ajami, wasu sun yi karatu a Maiduguri, wasu a Damagaram, wasu Larabci suka karanta. Irin mutumin da wannan fanni yake nema ke nan, kuma ba sai likita ba. Ana bukatar mai shigar da bayanai, mai lissafin ƙididdiga, mai zana taswira, mai gyaran sola da rezo. Wanda ya iya Faransanci ya ƙara Turanci ko na karanta rahoto ne, domin rabin labarin lafiyarmu da Turanci ake rubuta shi a wancan gaɓa. Ƴan mata musamman, ku ne kuke shiga inda namiji ba ya shiga, kuma labarin mai ciki da jariri a can yake.

Ga shawarata ga shugabannin ƙungiya. Ku nemi zama da majon likitarmu, ku tambaye shi waɗanne unguwanni da matsugunai ne yake ganin lissafinsu bai dace da abin da ke ƙasa ba. Ku ware mutum biyu a kowace unguwa, mace da namiji, su bi iyalan da suka dawo ko suka sauka kwanan nan, su duba ko yaransu suna da karne, na Nijar ne ko na Najeriya, a kai shi likita a kwafe abin da ke ciki kafin ya yage. Sannan ku buɗe littafi guda ku fara tattara sunayen cututtuka da alamominsu yadda iyayenmu mata suke faɗarsu da Barbarci, Hausa, Fulatanci da Larabcin Shuwa, kowace kalma da Faransancinta a gefe, majo ya duba ya gyara. Idan ya kai shafi goma a buga, a ajiye kwafi ɗaya a teburin kowace likita ta gundumar Bosso, a kuma nemi hanyar da kwafi zai isa hannun ma'aikatan lafiya na Malam Fatori su ƙara Turancinsa.